Tambaya da Amsa: Faifan Sarƙa Mai Ɓari Biyu a Tseren Gudu Kan Filin Gishiri

TAMBAYA: Assalamu alaikum. Malam, ni makaniken babura ne a garin Jega ta jihar Kebbi, kuma na daɗe a wannan sana'a. Bara ni da yaran garejina muka haɗa wata 'yar ƙaramar mota mai ƙafa huɗu da injin babur, sarƙa ce ke jan ƙafafun baya. Faifan sarƙar, wato abin da muke kira sifiroket, yana tsakiyar aksil ne tsakanin boris biyu, saboda haka duk ranar da muka so canja shi sai mun cire ƙafa, mun kwance birki da boris, mun zare aksil ɗin gaba ɗaya, aikin da yake cinye mana rabin yini. Kwanan baya na ga hoton bidiyo na masu tseren gudu a kan wani filin gishiri a Amurka, na ga wani ya kwance notuna ya cire faifan baya gida biyu kamar ɓarin goro, ya mayar da wani cikin ɗan lokaci ba tare da ya taɓa ƙafar ba. Shin irin wannan faifai yana jure gudu mai tsanani? Kuma idan na ɗauki faifan babur na raba shi biyu da zarto, zai yi mini irin wannan aiki? Na gode, Allah ya ƙara basira.
Makanike daga Jega

AMSA: Wa alaikumus salam, ɗan'uwa, Allah ya sa albarka a sana'a. Abin da ka gani gaskiya ne, kuma ba sabon abu ba ne. Zan fara da dalilin da ya sa mutanen can suke bukatarsa, domin idan ka fahimci dalilin, kai da kanka za ka gane inda ya dace da aikinka da inda bai dace ba.

Filin da ka gani, bisa ga bayaninka, ya yi kama da na Bonneville da ke jihar Utah. Mu a nan mun san gishirin Foga a matsayin abin miya da na lasar dabbobi, amma a can gishiri ne shimfiɗe iya ganin ido, ragowar wani tsohon tafki da ya ƙafe, kuma tun shekarar 1949 ake haɗuwa a kansa domin makon tseren gudu, yawanci a watan Agusta. Ba tsere ba ne irin na sukuwar dawaki inda ake jerawa a ga wanda zai riga wani, kowa shi kaɗai yake tashi a miƙaƙƙen layi, agogo yana auna gudunsa a cikin tazarar da aka keɓe. A wannan fili ne wani babur mai rufaffen jiki da ake kira Ack Attack, mai injin Suzuki Hayabusa guda biyu, ya kafa tarihin duniya a watan Satumba na 2010 da gudun da ya haura kilomita 605 a awa ɗaya, Rocky Robinson ne a cikinsa, kuma sarƙa ce ta kai ƙarfin injinan nan biyu zuwa ƙafar baya. Akwai irin wannan fili a Ostareliya, wato tafkin Gairdner, da kuma busasshen tafkin El Mirage a Kalifoniya, wanda shi ƙasa ce ba gishiri ba.

A irin wannan tsere, haƙori ɗaya na faifai yana iya zama bambanci tsakanin kafa tarihi da komawa gida hannu rabbana. Filin Bonneville yana bisa tudu da ya kai kusan mita 1,280 daga matakin teku, iskar wurin ba ta da kauri, kuma kaurinta yana canjawa tsakanin sanyin safiya da zafin rana, ga shi gishirin wata rana ya bushe ya riƙe taya, wata rana ya yi danshi taya ta riƙa zamewa. Mai tsere yana so injinsa ya kai daidai juyin da yake ba da cikakken ƙarfinsa a daidai wurin da ake awo, ba kafin nan ba, ba bayan nan ba. Idan ya canja ƙaramin faifan gaba daga haƙori 17 zuwa 18, ya yi tsalle na kusan kashi 6 cikin 100, wanda ya yi yawa. Idan kuwa na baya ya rage daga 40 zuwa 39, canjin kusan kashi 2 da rabi ne kawai, wato abin da yake kilomita 300 zai koma kusan 308 idan injin ya iya kai juyinsa na farko. Na ce idan ya iya, domin ƙarfin da ake bukata wajen keta iska yana ƙaruwa fiye da yadda gudu yake ƙaruwa nesa ba kusa ba, wannan ɗan ƙari na kilomita 8 yana neman ƙarin ƙarfi na kusan kashi 8 cikin 100. Shi ya sa za ka ga suna zuwa da faifai shida ko bakwai masu bambancin haƙori ɗaya ɗaya, suna gwadawa.

To, a nan ne wahalar da kake sha a Jega take samunsu su ma. A yawancin motocin nan masu siffar harsashi, ƙafar baya a rufe take cikin jiki, ga laimar da ake buɗewa domin rage gudu a bayanta, ga birki, ga layin sarƙa da aka ɓata lokaci wajen daidaitawa. Wanda ya zare aksil sai ya sake daidaita duk waɗannan, alhali layin masu jiran tashi yana da tsawo, kuma idan ana neman tarihin duniya dole a je a dawo cikin ƙayyadadden lokaci, awa ɗaya ga motoci, awa biyu ga babura, sannan a ɗauki matsakaicin gudun biyu. Faifai mai ɓari biyu yana ba su damar sassauta sarƙa, su kwance notuna, su zare ɓari ɗaya ta sama ɗaya ta ƙasa, su mayar da wani. Ana yawan amfani da shi ma a ƙananan motocin tsere da ake kira kat, masu aksil guda a baya kamar taka, da kuma a masana'antu. Ni kaina a wani injin casar shinkafa kusa da Argungu na fara riƙe irinsa da hannuna. Yana kan dogon shaf ɗin da ke jan bokitan ɗaga shinkafa sama, kuma mai kula da injin ya nuna mini wata 'yar lamba da aka buga a jikin kowane ɓari, lamba iri ɗaya, ya ce ko ɓari ɗaya ne ya lalace duka biyun yake zubarwa, domin tare aka yanke su, tare kuma suke tsufa.

Yanzu ga tambayarka ta farko, ko yana jure gudu. Amsar ita ce yana jurewa idan an ƙera shi domin haka, kuma abin da ke riƙe da shi ya fi shi kansa muhimmanci. Bari mu yi lissafi tare. Tayar da kewayenta mita 2 ne, idan tana gudun kilomita 300 a awa, tana juyawa sau 2,500 a minti ɗaya. Faifai mai haƙori 40 na sarƙa lamba 530, wadda tsakanin gaɓa da gaɓa milimita 15.875 ne, faɗinsa ya kai kusan santimita 20. A wannan juyi, duk abin da ke bakin faifan yana jan kansa waje da ƙarfin da ya ninka nauyinsa kusan sau 700, wato ɗan guntun ƙarfe mai nauyin giram 10 ya zama kamar kilo 7. Ka tuna yadda majajjawa take jan hannun yaro idan yana wulwula ta a gonar gero lokacin korar tsuntsaye, to wannan ne, sai dai an ninka shi. Faifai dunƙulalle zobe ne, ƙarfen jikinsa yana riƙe kansa da kansa ta kowane gefe. Da zarar an raba shi biyu, zoben ya yanke, kowane ɓari yana neman tafiya gabansa, kuma babu mai hana shi sai notuna da mazaunin da aka ɗora shi a kai. Ɓari mai nauyin giram 200 yana iya jan notunansa da abin da ya kai kilo 70, tun kafin a yi maganar sarƙa.

Sarƙar kuwa nata jan ya fi haka nesa. A misalin nan namu tana tafiya kusan mita 26 a daƙiƙa ɗaya, kuma idan injin yana ba da ƙarfin doki 200, tana jan faifan da abin da ya haura kilo 550. Wannan ja ba a wuri ɗaya yake zaune ba. Haƙoran da suka fara karɓar sarƙa su ne ke ɗaukar mafi yawan nauyi, saboda haka a kowane juyi nauyin yana tashi daga wannan ɓari ya faɗa kan wancan, sau biyu, wato sau 5,000 a minti ɗaya. Irin wannan ja da saki shi ne yake kwance noti, shi ne kuma yake faɗaɗa rami a jikin alminiyam har ya koma kamar ƙwai. Ba a nan kaɗai gizo yake saƙa ba: idan ɓari ɗaya ya gusa ko da rabin milimita, tazarar haƙoran da ke bakin tsagin ta canja, ɗan sarƙa ya daina zama cikin kwarinsa, ya fara hawa kan haƙori, daga nan sarƙa ta yi ta tsananta tana saki, ta yi zafi, ƙarshenta ta tsallake ko ta tsinke.

Masu wannan tsere ba sa ɗaukar tsinkewar sarƙa da wasa. A ranar 3 ga Maris 1927 wani ɗan Birtaniya mai suna Parry-Thomas ya rasu a bakin tekun Pendine da ke Wales a cikin motarsa mai sarƙa da ake kira Babs, wadda a 1926 ya kafa tarihi da ita da gudun kusan kilomita 275. An daɗe ana cewa sarƙa ce ta tsinke ta same shi, ko da yake bayan an haƙo motar daga cikin yashi a 1969 an sami dalilan da suka sa shakku a kan wannan labari. Duk da haka tsoron ya zauna, kuma yana da tushe, shi ya sa dokokin tseren suke wajabta murfin kariya a kan sarƙa.

Faifai mai ɓari biyu da za a amince da shi yana da alamomi, kuma zan so ka riƙe su ko da ba za ka taɓa zuwa filin gishiri ba. Na farko, mazauninsa dunƙulalle ne, ba a raba shi ba, kuma yana da kafaɗa da aka gyara a injin juya ƙarfe wadda cikin faifan yake zama a kanta cif, ta yadda kafaɗar ce take tsayar da shi a tsakiya, ba notuna ba. Aikin noti shi ne ya matse faifan a jikin mazauni har su zama kamar abu ɗaya, idan kuwa aka bar shi yana karɓar bugu ta gefe, ba ya daɗewa. Masu neman ƙarin tabbaci suna ƙara fil biyu a kowane ɓari, masu shiga ramukansu da matsi, domin ɓarin ya koma daidai wurinsa duk lokacin da aka mayar da shi. Kowane ɓari yana bukatar aƙalla noti uku, kuma ba notin da aka tsinta a ƙasan akwatin kaya ba, sai wanda aka buga wa lambar ƙarfi 10.9 ko 12.9 a kansa, a ɗaure shi da sifana mai awo, sannan a zura waya ta ramin da aka huda a kawunansu a murɗe, yadda ko ɗaya ya so kwancewa wayar za ta hana shi. Tsagin kansa yana bi ne ta cikin kwarin da ke tsakanin haƙori da haƙori. Ka lura da wani abu a nan: idan yawan haƙoran mai rabuwa biyu ne, kamar 40, miƙaƙƙen layi zai faɗa kwari ta gefe biyu, amma idan 39 ne, layin da ya fara a kwari zai ƙare a tsakiyar haƙori, dole sai an karkata tsagin, kuma ɓari ɗaya zai fi ɗaya da haƙori guda. Wannan ma dalili ne na a auna daidaiton nauyin ƙafa da faifan a jikinta.

Akwai kuma lamarin gishirin kansa, wanda yake shiga tsakanin alminiyam da ƙarfe ya ci su, don haka suke kwance komai su wanke bayan kowane tsere. Mu a nan ƙura da yashi ne namu, su kuma haƙora suke cinyewa.

Ra'ayina, kuma ina faɗarsa ba tare da ɓoye-ɓoye ba, shi ne a babur na yau da kullum wanda ake cire ƙafarsa cikin minti goma, babu abin da faifai mai ɓari biyu zai ƙara wa mutum sai ƙarin wurin da zai iya lalacewa. Haka nan idan gudu ya kai irin na Ack Attack, ni dunƙulalle zan zaɓa, in nemi wata dabarar canja giya. Amfaninsa yana tsakiya ne, inda aksil yake da wuyar zarewa kuma an ƙera mazauni yadda ya kamata.

Game da tambayarka ta biyu kuwa, ina roƙonka kada ka sa zarto a faifan babur. Bakin zarto yana cinye kusan milimita ɗaya na ƙarfe, dutsen yanka na lantarki ya fi haka, ga zafin da yake kashe taurin haƙoran da ke kusa. Sarƙar 428 da yawancin baburan 'yan kabu-kabu suke amfani da ita, tazararta milimita 12.7 ce, saboda haka idan ka haɗe ɓarin biyu bayan yanka, ka rage kusan kashi 8 cikin 100 a wurin tsagin, alhali sarƙar da ta miƙe da kashi 2 zuwa 3 kawai akan ce ta gama aiki. Idan kuma ka bar giɓin, babu abin da zai tsayar da ɓarin a wurinsa sai ramukan noti, su kuwa suna da ɗan sarari tun daga kamfani. Ƙari a kan haka, faifan ƙananan baburan nan rami huɗu gare shi, kowane ɓari zai tashi da noti biyu ke nan.

Motarka ba ta cikin haɗarin da na lissafa a sama gaba ɗayansa, kuma ba na so in tsorata ka fiye da kima. Idan kewayen tayarka mita 1.3 ne kana gudun kilomita 60, aksil yana juyawa kusan sau 770 a minti, ƙarfin majajjawar bai kai kashi ɗaya cikin goma na misalinmu ba. Saboda haka idan ka sami faifan kat na ainihi da mazauninsa, ko ka kai wa mai injin juya ƙarfe ya yi maka mazauni mai kafaɗa da rami shida, zai yi maka aiki lafiya. Wajen ɗaurawa, ka sa notunan da hannu tukuna, ka naɗa guntun sabuwar sarƙa a kan faifan ta haye tsagin biyu, ka ja ta sosai domin ta zaunar da haƙoran a tazararsu, sannan ka matse notunan ɗaya daga nan ɗaya daga can. Bayan haka ka juya ƙafar a hankali kana taɓa sarƙar da yatsa, idan ka ji ta tsananta a wani wuri ta saki a wani, ka kwance ka sake. Amma hanyar da ta fi sauƙi, idan firam ɗinka zai bari, ita ce ka mayar da faifan gefen aksil, bayan boris na waje, yadda cire ƙafa ɗaya kawai zai isa, ka ci gaba da amfani da dunƙulallen faifai da ake samu a kowace kasuwar kayan babur. Ko wanne ka zaɓa, ka yi wa sarƙar murfin ƙarfe mai kauri ta sama da ta bayan mai tuƙi, kuma gwajin gudu a fili keɓaɓɓe za a yi shi da hular kwano a ka, ba a kan hanyar Jega zuwa Birnin Kebbi ba inda manyan motoci da dabbobi da masu ƙafa suke.

TAMBAYA: Malam, idan na rage haƙoran faifan baya na babur ɗina, dole ne in yanke sarƙa?
Mai karatu daga Zuru

AMSA: Ba dole ba ne idan canjin kaɗan ne. Sarƙa tana naɗe kusan rabin faifai ne kawai, saboda haka kowane haƙori ɗaya da ka rage yana sakin kusan rabin gaɓa, kuma tun da sarƙar tana da layin sama da na ƙasa, aksil zai ja baya da kusan kwata na gaɓa, wato kimanin milimita 3 a sarƙar 428. Haƙori ɗaya ko biyu, abin jan sarƙa da ke jikin babur zai ɗauke. Idan ka kai haƙori huɗu, ka saki gaɓa biyu ke nan, a nan ne za ka iya cire su, domin sarƙa bibbiyu ake rage ta. Ka tabbata alamomin da ke gefe biyu na aksil sun zo daidai da juna bayan ka ja, kuma idan tsohuwar sarƙa ce wadda ta riga ta miƙe, ka canja ta tare da faifan biyu, in ba haka ba cikin 'yan makonni za ta lanƙwasa haƙoran sabon.